Amarya Cikin Tafiyar Hawainiya

A ƙarni na 19 fataken Hausa sun riƙa zuwa Salaga sayen goro, jikokinsu kuma na nan a zango suna neman na kansu. Cikinsu akwai ƙanin matata, wanda sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna. Yaro ne mai hankali, har ranar da aka aiko masa da waya daga Amurka, ya gano tana iya ɗaukar hoto 240 a sakan ɗaya. Tun daga nan ni na zama mai riƙe masa jaka, kuma shaidar abin da ya biyo baya.

Bidiyo dai hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Fim ɗin silima hoto 24 ne a sakan, talabijin ɗin Ghana da Najeriya 25, na Amurka kusan 30. Idan aka ɗauki 240 aka nuna su 30 a sakan, motsi zai ragu sau takwas, minti ɗaya ya koma takwas. Wayar iPhone 5s ta zo da hoto 120 a 2013, shekara guda bayan haka iPhone 6 ta kai 240. Gogan naku bai damu da wannan lissafi ba. A wurinsa 240 ta fi 30, magana ta ƙare.

Gwajin farko a Yendi aka yi, lokacin bikin Damba na watan Mauludi, a ƙofar fadar Gbewaa. A nan kam wayar ta yi abin kirki. Badagombe ya juya cikin rawa, rigarsa batakari ta buɗe sannu a hankali, kowane zare a fili, ƙura na tashi daga ƙarƙashin takalmin fata, sandar makaɗi na sauka kan kalangu har kana ganin fatar tana rawa. Gogan naku ya rikice. Ya ɗauki dawakai, ya ɗauki masu bindigar toka, ya ɗauki mai sayar da ruwan leda, har wata akuya da ta ratsa fili sai da ta samu rabonta. Abin da bai sani ba shi ne, irin wannan ɗauka na cin kusan rabin giga a minti ɗaya. Ana cewa ga sarki Ya-Na nan ya fito, jama'a suka ɗauki sowa, waya ta ce cikinta ya cika. Muka koma Salaga da akuya, babu sarki.

Da zafin watan Maris aka kira shi ɗaukar biki a Bawku, garin da rana kan haura maki 40 a wannan lokaci. Kafin a fito da amarya ya zauna da abokan ango suna buga ƙwallo a waya, wayar kuma na jikin caji. Wasan ya saba tafiya da hoto 60 a sakan, amma idan waya ta yi zafi takan rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, sai hotuna su riƙa tsallake. Ɗan wasansa na tsakiyar fili, ya tsaya cak, da ya farfaɗo sai ga ƙwallo a ragarsa. Ya rantse an yi masa asiri. Wani abokin ango ya ce, “Malam, cire ta daga wuta ka yi mata fifita.” Haka na tsaya ina yi wa waya fifita da katin gayyata, an ci shi huɗu da nema.

Raguwar gudu tsohon ciwo ne a duniyar wasanni. A shekarun 1990, da yawa daga wasannin Sega da Nintendo da aka sayar a Turai sun riƙa gudu ƙasa da na Amurka da kusan kashi ɗaya cikin shida, saboda talabijin ɗin Turai na sabunta hoto sau 50 a sakan, na Amurka 60.

Da dare aka shiga zauren biki, aka kunna dogayen ƙwayaye. Wutar Ghana tana juyawa sau 50 a sakan, don haka irin waɗannan fitilu suna ƙiftawa sau 100. Idon mutum ba ya gani, amma kamara mai hoto 240 tana kamawa tsaf. Ga kuma ƙarancin haske, tun da kowane hoto ɗan taƙaitaccen lokaci yake samu. Gogan naku ya danna, ya manta bai sauya ba har aka tashi.

Washegari dangi suka taru gaban talabijin. Amarya ta bayyana cikin duhu, baƙaƙen layuka na bin jikinta kamar jakin dawa, ta ɗaga ƙafa daga bakin ƙofa, aka zuba shayi aka sha ba ta iso kujera ba. Nasihar kawun ango ta minti 5 ta koma minti 40, muryarsa ta zama gurnani. Takardar sidi biyar da wani mai kuɗi ya liƙa, yana rufe ta da tafin hannu, ta sauko a hankali kowa ya karanta.

Uwar amarya ta dube shi ta ce, “Kai ɗan nan, 'yar tawa ba ta da lafiya ne?”

“Hajiya, sabon yayi ne.”

“To ka kai wa masu yayin su biya ka.”

Rabin kuɗi aka ba shi, shi ma don kawun ango ya ji daɗin cewa ba a taɓa sauraronsa tsawon haka ba. Masu ɗaukar biki daga Salaga har Bawku, ku bar tafiyar hawainiya ga hasken rana da rawar batakari. Idan dare ya yi aka kunna fitila, ku mayar da kamara kan 25 ko 50, ku kuma duba sauran wuri a waya kafin sarki ya fito.