Ka Roƙi Waya, Ga Waƙa

Zuwa ga bawana, taubashina na Boɗinga,

Ina zafi? Mu nan Mancesta sanyi ya hana mu sakat. Saƙonka ya iso, wai in aiko maka da sabuwar waya. Kuɗin haya sun cinye ta tun ba a saye ta ba, don haka ga abin da za ka zuba cikin tsohuwar.

Fara da Ɗan Anace, waƙar Shago. Ita ke raka ni aiki da asuba. Ranar nan ina cikin bas, kalangu na tashi a kunnena, ashe na dunƙule hannu ina jijjiga kafaɗa sai ka ce an naɗa min kara zan shiga fage. Wata tsohuwar Baturiya ta dube ni, ta ɗauki jakarta ta sauya kujera. Ka riƙa jin ta safe da yamma, ko Allah ya sa ka sami zuciyar tunkarar surukanka na Shagari ba tare da gwiwa na rawa ba.

Bakandamiyar Narambaɗa kuwa ba ta cikin mota ba ce. Sai dare ya yi, ka rufe baki ka buɗe kunne, don Hausar mutumin Tubali ta fi ƙarfin mai surutu irinka. In ta yi maka nauyi, koma ga Ɗanƙwairo.

Abokin aikina ɗan Jamaika ya ba ni Bob Marley, na ba shi Shata. Ya ce bai fahimci kalma ɗaya ba, amma ya gane mutumin nan ba ya tsoron kowa. Ka nemi Ali Farka Ture na Mali, wanda ya rasu a 2006. Gita yake kaɗawa, amma kunnen da ya saba da molo ba zai yi baƙunta ba. Ummu Kulsum ta Masar kuma, ka ɗora wake a wuta sannan ka kunna, kafin ta gama waƙa ɗaya ya nuna.

Uwargida ka sa mata Barmani Coge, amma in kiɗan ƙwarya ya sa ta nemi jarin sana'a, babu hannuna. Jarumar Hamisu Breaker, wadda mata suka yi ta taka wa mazajensu a 2020, kada ka kuskura ka kunna ta gaban Baba, ko ranar da malaman Sifawa suka zo gaisuwa.

In ka je Shagari, tambayo min ko akwai mai kwafin Waƙar Nijeriya ta marigayi Shehu Shagari. Ka haɗo da kilishi, kuma kada ka ɗanɗana a hanya, na san nauyinsa.

Ka gaida Inna da yara.

Ubangidanka,
daga Ingila