Yadda Na Ƙafar Da Bakolori A Cikin Tire

Duk wanda ya tashi a Talata Mafara ya yi motar kara. Ka fere ɓawon karan dawa, ka yanka totuwar, ka soke da tsinke, ka yi taya da sakaina, ka ja abarka har bakin kasuwa. Mu da muka girma sai muka bari. Ashe Turawa ba sa bari. Gemai-gemai da su suke zama su ƙera ƙaramin jirgi, su yi masa teku a kan katako, har da igiyar ruwa da tsatsa. A YouTube na ci karo da wani dattijo da ya yi jirgin sama mai sauka a kan ruwa, irin wanda maimakon taya 'yan kwale-kwale biyu ne a ƙafafunsa. Makon nan kuwa aka ce kowace makaranta ta kawo abin nunawa wurin baje kolin kimiyya a Bakura. Na ce abin nema ya samu, jirgi zai sauka a dam ɗin Bakolori.

Ni dai ban taɓa ganin jirgi a kan ruwan nan ba. Jiragen farko da suka zo Najeriya a Kano suka sauka, a watan Nuwamba na 1925, kuma a kan ƙasa, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Amma a tsibiran Maldibs ana jigilar baƙi da wani jirgi ɗan Kanada mai suna Twin Otter, kullum yana fantsama ruwa. Shi na zaɓa.

Masu wannan sana'a suna rage komai sau 72. Fiffiken jirgin daga baki zuwa baki ya kusa mita 20, ka ga ya dawo santimita 27 da ɗoriya, daidai tafi da hannu. Da na zo kan dam ɗin ne alli ya tsaya. Bangon da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato tsawonsa kilomita 5.5 ne. Raba shi sau 72, ka samu mita 76. Wato in na bi ƙa'ida, sai ya fara daga zaurenmu, ya ratsa ɗakin maƙwabci, ya ƙare a masallacin unguwa. Na haƙura da bango, na ce gefen ruwa kawai zan yi a cikin babban tiren uwargida, wanda aka kawo ta da shi.

Jirgi bai ba ni wahala ba, hannu bai manta kara ba. Na rufe shi da gwangwanin madara, na shafe shi da farin fenti. Daga nan dattijon ya ce sai an tsufar da shi, don jirgin da ke aiki ba ya zama fes. Na daka gawayi na yi masa baƙin hayaƙi a bayan injin. Na jiƙa tsoffin ƙusoshi na ɗiga tsatsarsu a ƙafafun. Na bi gindin da ganyen shayi don ya yi zoben da ruwa ke bari. Wallahi har ƙwalla na yi don kyau. Na tafi makaranta, na dawo, na tarar da shi a bakin taga yana ɗaukar ido. Uwargida ta ce, “Malam, na ga abinka ya yi dauɗa, na cuɗe maka shi da soson ƙarfe. Ba sai ka gode ba.” Na buɗe baki in yi mata bayanin cewa dauɗar ita ce aikin, na tuna tiren wa na ɗauka, na rufe.

Saura ruwa. Su can wani gam suke zubawa mai haɗi biyu, wanda in ya daskare yake zama garau. Sirrinsa a zuba kaɗan-kaɗan, domin yana ɗaukar zafi in yana kamawa. Wannan bayani yana ƙarshen bidiyon, datata kuwa a tsakiya ta ƙare. Na samo irinsa wurin masu gyaran babur, na malala shi gaba ɗaya a kan tsibirin da na yi da farin soson da ake tallafe sabon firji da shi. Tsibirina ya lotsa, ɗaki ya ɗau wari, yara suka fita da gudu suna cewa Baba ya kunna dam.

Sai na koma ga ƙaro, wanda malaman allo ke sa wa tawada ta yi sheƙi. Na jiƙa mudu guda, na tace, na zuba bula har ya yi shuɗi irin na hoton kalanda. Ran nan kawuna ya zo daga Maradun cin kasuwar Talata. Ya duƙa ya daɗe yana kallo.

“Wanga ruwa na ina na?”

“Bakolori ne, Kawu.”

“Bakolori? Yaro, ruwanmu da damina kamar kunun tsamiya yake. Wanga ko a Makka ban gane shi ba.”

Ya sa yatsa a tsakiyar tiren, ya ce to in Bakolori ne a nuna masa inda gonar ubansa take. Yana dariya ya faɗa, amma ni ban iya tayawa ba. Mutanen zamaninsa ba su manta Afrilun 1980 ba, lokacin da manoma suka tare hanyoyi a kan diyyar gonakinsu, aka turo 'yan sanda, aka rasa rayuka da dama. Ya goge yatsansa a gefen riga, ya tambayi nawa na kashe. Da na faɗa masa, sai ya ce mutum yana kwana kusa da ruwa kubik mita miliyan 450, wanda aka tara don shayar da hekta 23,000, amma ya sayar da rabin buhun shinkafa don ya sayi na ƙarya.

Na fitar da tire tsakar gida ya sha iska, na manta hunturu ake yi. Kafin gari ya waye ƙura ta kwanta a kan ɗanyen ƙaron ta nutse ciki, shuɗin nan ya koma jaja-jaja, sak ruwan kanal. Jirgin ma ya tsufa a dare ɗaya, tsufan da gawayina bai ba shi ba, kuma kyauta. Kawu ya leƙo ya ce, “Awo, yanzu ka yi magana.”

Abin da ban lissafa ba shi ne ƙaro mai kauri ba ya shiri da bushewar iska. Na ɗaure tire a bayan babur, na lulluɓe da tsohon zane, na kama hanyar Bakura ina kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai. A gaban alƙalan gasar na yaye zane da alfahari. Ruwa ya tsattsage kaca-kaca, ya nannaɗe ta gefe, ga jirgina zaune a kan busasshiyar ƙasa, tururuwa na hawa fiffikensa a layi ɗauke da guntayen dam.

Aka yi tsit. Sai wani babban jami'i mai tabarau ya gyara tsayuwa, ya ce shi tun safe bai ga aikin da ya nuna illar fari da sauyin yanayi ƙarara irin wannan ba. Ya tambaye ni tsawon lokacin da na ɗauka ina nazari kafin in fitar da tsagar ƙasar haka. Na ce ai abin sai da haƙuri, ranka ya daɗe.

Mu muka zo na biyu. An ba mu takardar yabo da agogon bango, an kuma ce baɗi in kawo wanda ke nuna ambaliya. Don haka duk mai tire babba da ba ya amfani da shi, don Allah ya taimaka, domin uwargida ta karɓe nata ta kulle a akwati.