Alhaji, Sauri Ka Saya

Ku masu cewa ɗan ƙwadago sai da tsawa, ku matso, yau da ku nake. Na san ku sarai: gonar gero tana bayan Unguwar Ya, ku kuna Birnin Kudu, ba ku leƙa ta sai ranar biya, sannan ku dawo majalisa kuna cewa yaran zamani ba amana.

To Alhaji, mu yi lissafi. Ka ɗauki yara aikin yini, suka gane rana kake biya ba noma ba, sai fartanya ta koma tashi kamar mai ciwon baya. Ka fusata, ka ce daga yau jinga. Kafin azahar sun gama firi, ka yi murna har da ƙarin goro. Kwana huɗu aka yi yayyafi, harƙiyar da suka tura wa ƙasa ta ɗago kai tana yi maka barka da zuwa. Wa ya cuce ka? Sauri ka saya, sauri suka sayar maka.

Na ji wani can baya yana cewa ai halin mutanenmu ne. Haba Malam! A 1902 Faransawan da ke mulkin birnin Hanoi, a ƙasar Biyetnam, sun sa lada a kan kowace jelar ɓera. Ba a jima ba aka fara ganin ɓeraye masu guntun bindi suna yawo abinsu: an yanke jela, an sake su su je su hayayyafa. Wasu ma kiwon ɓeran suka kama gadan-gadan.

Za ku ce a zabge kuɗin wanda ya makara. Ni na gwada. Washegari ni kaɗai na tsaya a gona da tulun kunu, yaran suna gonar maƙwabcina. Tsakiyar damina kai ke neman su.

Ku tuna gayya. Ba ko sisi, sai fura da gangar noma, amma saurayi zai yi aiki kamar ransa zai fita, don makaɗi ya ambaci sunan ubansa, 'yan mata kuma suna kallo. Wanda aka bari a baya a kan kunyarsa, kunya biyu ke nan. Kada dai Alhaji ya ji daɗi ya ce zai biya da kirari. Kirari ba ya awon masara a kasuwar Sara.

Maƙwabcin nan nawa rabin kuɗi yake bayarwa ranar aiki, rabi bayan an yi ruwa ya bi kunya-kunya ya duba. Wanda aikinsa ya fita, shi ake fara kira ranar maimai. Sai dai fa wannan sai ka shiga taɓo da ƙafarka, Alhaji, ga shi kuwa takalminka sabo ne.