Yadda Ake Shigo da Teku Cikin Falo: Jagora ga Mai Sayen Tankin Murjani na Hannu

Tankin murjani akwati ne na gilashi da ake cikawa da ruwan gishiri, a jera duwatsu, a dasa murjani mai rai, a saki kifaye masu ado, domin a kwaikwayi abin da ke ƙarƙashin Bahar Maliya ko tekun Indonesiya. Sha'awar tana da ƙarfi a Jamus da Amurka da Japan, kuma tana da al'ada tabbatacciya: mutum ya zuba dukiya ya haɗa, bayan 'yan shekaru ya sa komai a kasuwa a kan kuɗin da bai kai na fitilar tankin kaɗai ba. A nan ne sabon shiga ke ganin garaɓasa.

Aikin farko shi ne nazarin mai sayarwa. Dalilan da ake bayarwa ba sa wuce uku: za a tashi daga gidan, an yi haihuwa, ko aiki ya yi yawa. Dukkansu na iya zama gaskiya, sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai saye ya tambayi shekarun tankin, ya nemi a kunna masa kowane inji a gabansa, sannan ya saci kallon fuskar uwargida. Idan ita ce ke gaggawar ɗauko bokitai tana cewa a haɗa da wancan ma kyauta, ya sami labarin da ba a rubuta a cikin talla ba.

Tambayar da ba a mantawa da ita ita ce ta jan ƙarfe. Ana warkar da wasu cututtukan kifi da magani mai sinadarin jan ƙarfe, wanda ke maƙalewa a duwatsu da yashi, ya riƙa fita sannu a hankali. Kifi na jure ɗan kaɗan, amma murjani da jatan lande da dodon koɗi mutuwa suke yi. Dutsen da ya taɓa shan wannan magani ya gama aikin teku, sai dai a tare ƙofa da shi.

Gilasan tankin ba ƙusa ke riƙe da su ba, silikon ne, shi kuma yana tsufa. A bi kowace kusurwa da tocila ana neman kumfa, ɓanɓarewa ko tsaga. Kafin a shigar da shi ɗaki, a cika shi da ruwan famfo a tsakar gida, bisa wuri daidaitacce, a bar shi kwanaki. Yoyon da aka gano a tsakar gida darasi ne. Wanda aka gano a bene da ƙarfe uku na dare, shari'a ce da maƙwabcin ƙasa.

Lissafin nauyi ba shi da wuya. Lita ɗaya ta ruwan teku ta ɗan ɗara kilo ɗaya, don haka tanki mai lita 500 na ɗauke da fiye da rabin tan na ruwa zalla, kafin a sa gilashi, duwatsu, yashi da teburin da zai zauna a kai. Ba a matsar da shi don a share bayansa. Duk inda aka ajiye shi, nan ne mazauninsa har ranar da za a sake sayarwa.

Ranar ɗauko kaya ana buƙatar ƙarti huɗu ko shida, da jarkoki da bokitai fiye da yadda aka zata, da abinci mai kyau, domin abokan da suka taya ɗaukar tanki sau ɗaya ba kasafai suke ɗaga waya karo na biyu ba. Ba a ɗaga tanki da ruwa ko yashi a ciki, ko da ɗan kaɗan ne. Duwatsun kuwa, waɗanda masu harkar ke kira duwatsu masu rai saboda bakteriyar da ke cikin kofofinsu, a nutse cikin ruwan gishiri za su yi tafiya. In suka bushe, abin da aka biya kuɗi dominsa ya mutu. Tsohon yashi zubarwa ake yi. Shekaru ya yi yana tara ƙazanta, kuma da an motsa shi yakan saki iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai kashe kifi. A sa safar hannu da tabarau, kuma kada a kuskura a tafasa dutse wai don a tsabtace shi. Wasu ƙananan murjani na dangin Palythoa na ɗauke da dafi mai tsanani, kuma tururinsa ya sha kai iyali guda asibiti. Wannan gargaɗin babu raha a cikinsa.

Sai haɗa teku. Ruwan famfo da na rijiya ba sa yi. Ana tace shi da na'ura ta musamman har ya zama babu komai a cikinsa, sannan a narka gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Tanki mai lita 500 zai ci wajen kilo 18. Gishirin miya ba ya cikin wannan lissafi: kamfanoni irin su Instant Ocean da Tropic Marin ke haɗa na teku, da kalsiyam da magniziyam a ciki, farashinsa kuma na nuna hakan. Kullum ruwa na tafiya a iska ya bar gishiri a baya, saboda haka da ruwan daɗi ake cike gurbin. Sabon shiga da ya cike da ruwan gishiri zai wayi gari da kifi mai shirin zama kilishi.

A ƙarƙashin tankin akwai ƙaramin tanki inda injuna ke zaune, cikin wayoyin da tsohon mai shi kaɗai ya san kansu. Babba a cikin injunan shi ne injin kumfa, wanda masu kiwo a birnin Berlin suka ɗaukaka a shekarun 1970: yana kaɗa iska cikin ruwa, kumfar ta kwaso datti ta tara a kofi. Wanke kofin nan ne ke raba mai son teku da mai son hotonsa. Fitila ma ba ta ado ba ce. A cikin tsokar murjani akwai ƙananan tsirrai da ke haɗa masa abinci daga haske. In zafi ya yi yawa sai ya kore su, ya yi fari fat, ya soma mutuwa. Ruwan na son zama wajen digiri 25 zuwa 26 dare da rana. A Jamus hita ake saye. A gari irin Kano ko Zinder, inda watan Afrilu ke haura digiri 40, injin sanyaya ruwa ake buƙata, da batir da janareto, domin in famfunan suka tsaya na wasu sa'o'i iskar shaƙa na ƙarewa a ruwan. Mai tanki shi ne mutumin da in an ɗauke wuta zai kashe fankar ɗakinsa ya bar wa kifi.

Bayan an kunna komai sai jira. Kashin kifi na zama amoniya, guba ce. Wasu bakteriya su mayar da ita naitirait, ita ma guba. Wasu su mayar da wannan naitiret, mai sauƙin illa. Kafuwar wannan zagaye kan ɗauki makonni huɗu zuwa shida, ko ƙasa da haka in duwatsun sun iso da ransu. A wannan lokaci gansakuka mai ruwan ƙasa na rufe komai, baƙi kuma na tambaya ina kifin. Magungunan gwajin ruwa da aka gada a duba ranar lalacewarsu, don tsoho yakan nuna cewa komai lafiya har ranar jana'iza.

Duwatsun na zuwa da 'yan haya da ba su cikin ciniki. Akwai Aiptasia, wata halitta mai kama da fure da ke harbin murjani. In aka kankare ta, kowane ɓarɓashi sabuwa yake zama. Akwai wani jatan lande mai naushi da ke fasa ƙoƙon dodon koɗi; ƙarar ƙas-ƙas da ake ji da dare sau da yawa ita ce sanarwar zuwansa.

Kifi ɗaya-ɗaya ake ƙarawa, bayan an killace kowane sabo na makonni a wani tanki dabam. Yara za su nemi irin kifin Nemo na fim ɗin Finding Nemo na 2003, kuma zaɓi ne mai kyau, don yana da juriya kuma ana hayayyafa shi a gona. Sai dai a shirya amsa: in aka haɗa biyu, wanda ya fi girma rikiɗewa yake yi ya zama mace. A murjani a fara da masu laushi. Masu rassa na dangin Acropora, waɗanda hotonsu ya jawo mutum cikin harkar, a bari sai tanki ya shekara. Kuma duk murjani mai dutse yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittu tsakanin ƙasashe, ba ya tsallaka iyaka sai da takarda.

Abin da ya rage hidima ce ta mako-mako: a canza kimanin kashi 10 cikin 100 na ruwan, a goge gilashi, a auna kalsiyam a ga yana tsakanin 400 da 450 a ma'aunin gwajin. Tafiya ita ce babbar barazana. Wanda aka bar wa amana yakan ga kifi na buɗe baki ya ji tausayi, ya juye abincin wata guda a kwana uku. Don haka ana ƙulla abincin kowace rana dabam, a rubuta ranar a jiki, sauran gwangwanin kuma mai tanki ya tafi da shi a jakarsa.