Amortisar 'Yan Yamai

Ranar Alhamis da dare wani ɗan baffana ya kira ni daga Yamai, mutumin da Madawa ba ta ga ƙeyarsa ba tun zaman makokin kakarmu. "Yaya, gobe in Allah ya yarda muna tafe wikan, ni da Madam da yara. Don Allah kada ku wahalar da kanku, shan iska kawai za mu zo." Shan iska, a watan Afrilu, a Madawa! Iskar da in ka buɗe mata baki da azahar sai an yi maka fifita. Na ce Allah ya kawo su lafiya, na kashe waya, na leƙa na ce wa Inna ta sa a kama zabbi biyu.

Ku dai kun san lissafin. Daga Yamai zuwa nan kusan kilomita 500 ne. Ana tasowa bayan sallar Juma'a, a wuce Dosso, a tsaya Dogon Dutsi yara su yi fitsari, a tsaya Konni Madam ta taya atamfa ba ta saya ba, a ratsa Galmi cikin duhu, a buga mana ƙofa muna tsakiyar barci. Asabar ana kwance har hantsi saboda gajiyar hanya. Lahadi kuma tun asuba ake ɗaure kaya saboda tsoron hanya. Abin da ya rage na zumunta bai fi tsakanin azahar da isha'in Asabar ba, shi ma rabinsa ƙorafin zafi ne.

"Kai, Yaya, yaya kuke rayuwa a nan?" Mai tambayar nan a ɗakin da yake tsaye aka haife shi, cibiyarsa tana bisne bayan rumbun can. Kuma wanda ya taɓa tsayawa jiran taksi a Yamai cikin bazara ya san ba daga Faransa suka zo mana ba. Rana ɗaya ce ke dafa mu duka, illa su suna da ofis mai klim da suke ɓuya a ciki, har sun ɗauka yanayin ƙasar ke nan.

Da kuran ya ɗauke wajen ƙarfe ɗaya, Madam ta tashi ba ta ce uffan ba, ta shige mota, ta tada inji, ta kunna klim. A nan ta karɓi gaisuwa. Tsofaffin unguwa da suka ji labarin matar ɗansu ta iso suka yi ta zuwa, su zagaya cikin gida ba su gan ta ba, a nuna musu ƙofar gida. Na ga gwaggonmu, mai shekara tamanin da wani abu, ta dafa sanda ta duƙa a jikin taga tana "Sannu da zuwa, ɗiyata, ina gajiya? Ina ɗiyan?" Madam ta sauke gilashi misalin yatsa huɗu, ta amsa, ta mayar kafin sanyi ya tsere. Wadda ta biyo baya ta samu yatsa uku. Kafin la'asar an koma ɗaga hannu kawai. Wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta yi ta gaida tagar baya, inda babu kowa sai kujerar jariri, har ta sa wa kujerar albarka. Yaran unguwa kuwa sun kewaye motar suna manna kumatu a gilashi, wai ko sanyin zai ratso.

Sai yaran baƙi suka tada nasu rikicin: "Papa, ina kogin?" Ashe uban ya daɗe yana cika musu baki cewa garinsu ma akwai kogi, a ciki ya koyi iyo, har kifi ya kama da hannu. Yara sun tashi suna ganin kogin Isa daga kan gadar Kennedy, da kwale-kwale da komai, sun zo da wandon wanka a jaka. Muka kwashe su zuwa kwarin Tarka. Ga rairayi, ga jakai, ga rijiyoyin lambu da injin ban ruwa yana tari, ga tulin albasa an yaye ana shanya. Ƙaramar ta dubi gabas ta dubi yamma ta ce, "Tonton, an rufe shi ne yau?" Na ce mata e, sai damina ake buɗewa, shi ma sai an yi ruwa a sama ya taho da gudu ya wuce. Uban bai ji kunya ba. Ya nemo wata kwatar ban ruwa mai faɗin taku ɗaya, ya durƙusa, ya karkata waya yadda ruwan zai cika hoton, ya sa a Facebook wai hutu a bakin kogi.

Na ce masa in ruwa yake so yara su gani, mu bi ta Buza mu je Keita, akwai tafki, akwai madatsun ruwa, ga duwatsun Adar a hanya su ba ido abinci. Ya riƙe baki. "Haba Yaya, wannan hanyar? Amortisata fa! Kwanan nan na canza ta, ka san kuɗinta kuwa?" Ku riƙe mini maganar amortisar nan, za mu dawo kanta.

A hanyar komawa gida ne ya fara wa'azi, don ba a yin wikan babu wa'azi. "Ku matsalarku ba kwa shuka itace. Da kun shuka itace da zafin nan ya ragu." A nan ne dariya ta ƙare mini. Mutumin da ko zogale bai taɓa dasawa ba, wanda ya shafe tsakar gidansa da siminti don kada ganye ya ɓata masa mota, shi ne zai koya wa mutanen Adar shuka itace. Tun 1984 aka fara aikin Keita da kuɗin Italiya, da hannun FAO, ana biyan ma'aikata da abinci. Mazan sun tafi cin rani Najeriya da Abidjan, mata ne suka fi yawa a fagen. Su suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a gangaren tuddai, suka haƙa ramuka a ƙasar da gatari ke tsalle in ya sare ta, suka dasa miliyoyin itatuwa a fako. Da yawansu suna nan da rai, wuyansu bai daina ciwo ba. Irinsu ne aka sauke wa gilashi yatsa uku. Ban faɗa masa haka ba, baƙo ne, kuma an ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Na dai ce Allah ya ba mu ikon shukawa.

To, asubar Lahadi. Motar da ta shigo garin nan da fakitin biskit ɗaya da katan ɗin ruwan gora, wanda su da kansu suka shanye, ita ce aka juyo da bayanta ƙofar gida aka buɗe. Buhun albasa ya shiga. Na biyu ya bi shi, na surukai ne. Na uku na shef ɗinsa ne a wurin aiki, wanda ko sunansa ban sani ba amma ga shi ina ciyar da shi. Na huɗu bai samu wuri ba, aka ciro tayar safaya aka ɗaure ta a sama, aka cusa shi. Tabarmin kaba guda uku, garin kuka, kuɓewa busassa, dawo a cikin kwano don a dama hura a hanya, da zabbi biyu masu rai da aka ɗaure wa ƙafa aka ajiye ƙarƙashin ƙafafun yara. Bayan motar ya sauka har salansa na sumbatar ƙasa, gabanta ya ɗaga yana kallon sama. Na matsa kusa na ce, "Ƙanena, amortisar fa?" Ya ce, "A'a, wannan ai ta Japan ce, tana ɗauka."

Tana ɗauka. Amortisar da ba ta iya ɗaukar yara uku zuwa Keita, ga ta za ta kai buhu huɗu har Yamai. Na yi ta tunanin irin wannan ƙarfe mai hankali, wanda ya san bambancin nauyin zumunta da nauyin albasa. In aka ce a je gaida mara lafiya a Bangi, sai ta yi ƙara. In aka ce ta'aziyya a Tamaske, sai ta zubar da mai. Amma a nuna mata buhu, ko na siminti ne in dai kyauta ne, sai ta miƙe ta ce bismilla. Ya kamata masu gyaran mota na tasha su binciko inda ake ƙera ta, don manyan motocin da ke lodin albasar kwarin nan zuwa Accra da Abidjan suna bukatar irinta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kalmar da ake rakiyar buhun da ita: "Ai albasa banza ce a nan." Banza ce a watan Afrilu, da kowa ya yaye lokaci ɗaya kasuwa ta cika. Shi ya sa mai hali yake zuba tasa a rudu ya jira wata huɗu ko biyar kuɗinta ya ninka, in ruɓa ta bar masa wani abu. Buhun da aka kyautar yau, kuɗin makarantar yaro ne a watan Oktoba. Kafin ya zama buhu an yi reno, an yi dashe cikin sanyin hunturu da yatsu a laka, an sayi man inji bashi, an kwana a lambu. Baƙona kuwa ya zaro jikka biyu ya danƙa wa Inna a gaban jama'a, da hannu sama yadda kowa zai gani, ya ce a sha goro.

Kilishi ma na manta, don shi nasa babin daban ne. Duk wanda ya ji za ka Madawa sai ya tuna yana son kilishi, amma ba ya tuna ana sayensa da kuɗi. Baƙona ya zo da jerin sautu a waya: wannan ja take so, wancan fari, wani rumuzu saboda likita ya hana shi yaji, wata kuma ta ce a tabbatar na Madawa ne na ainihi, kada a kawo mata irin wanda ake naɗewa a takarda a kowace tasha ana laƙaba masa sunan garinmu. A wannan kam ta yi gaskiya, don yanzu ko a Agadas ka sauka sai wani ya rantse maka nasa daga Madawa ya iso da safe, ka rasa shanu nawa garin nan yake yankawa a yini. Muka je wurin mahauci, ga nama an feɗe shi fele-fele an baza a kan gadon kara, ranar nan da aka wuni ana zagi tana ta yi masa aiki. Baƙona ya ɗanɗana ja, ya ɗanɗana fari, ya koma ya ɗanɗana ja don ya tabbatar, yaransa ma kowa ya tabbatar. Da aka gama naɗi mahauci ya faɗi kuɗi, sai ya shafa aljihun gaba, ya shafa na baya, ya ce kash, jakarsa tana mota wurin Madam, kuma ka san in aka buɗe ƙofa sanyi zai fita.