Daga Ni Sai Keke

Faris, 12 ga Disamba

Taubashina,

Ina Inna, ina mutanen Kwaya? Ina fata an kai geron bana rumbu kafin ka gama da shi.

Ka ce wai zaman kaɗaici zai taɓa mini kai. To saurara. Shagona yana Gut Dor, unguwar teloli da masu atamfa, kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Shato Ruj. Bai kai zauren Kawu faɗi ba, amma in na faɗa maka kuɗin hayarsa da sefa sai an yi maka fifita.

A gida tela bai san shiru ba: ga mai jiran wando, ga mai gardamar kokowa, ga irinku masu zuwa shan shayin banza. Nan kuwa ba mai leƙowa sai da dalili, dole na tsara wa kaina yini. Yanzu rana ba ta fitowa sai 8 da rabi ta gota, kafin 5 ta faɗi. Ba na taɓa allura sai na sha shayin fari. Sannan in ɗiga wa keke mai, in tsince zaren jiya. Surfanin wuya, mai cin ido, da hantsi nake yinsa a bakin taga. Kalmasa da maɓalli sai yamma, ina jin RFI Hausa. Waya na kulle a aljihun tebur har azahar, shi ya sa kiranka na "a turo" ba ya shiga.

Ina da gunkin gwada riga, marar kai. Sunanka na raɗa masa. In sa masa babbar riga, in ja da baya, in tambaye shi ko aska biyu ta zauna. Bai taɓa musu ba, bai taɓa neman rance ba, ko allura na soka masa ba ya cewa uffan. Wallahi ya fi ka hankali.

Bayan la'asar nakan taka kasuwar Dejan, in sayi kuɓewa, kunnena ya sha hayaniya. Ƙarfe 7 nake lulluɓe keke ko da saura hannu ɗaya, don gajiyayyen ido ɓata shadda yake yi, kuma warware surfani ya fi yinsa wuya.

Saƙon da za ka karɓa a Magariya na Inna ne, na ƙirga shi. Kuɗin shara kuma sai ka zo ka share ƙyallayen shagon nan tukuna.

Ubangidanka,
telan Faris