Nawa ne orijinal, naka kwafi

A Maraɗi mun saba da masu tara tantabaru da masu tara raguna, ga kuma masu tara bashi, waɗanda suka fi kowa yawa. Yanzu an samu sabon rukuni: magidanta masu furfura a gemu da ke tara tsofaffin kaset na bidiyo da faya-fayan CD. Ba don kallo suke tarawa ba. Yawancinsu bidiyon gidansu ta daɗe da mutuwa, kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera irinta a duniya, ya daina tun 2016. Don gardama suke tarawa. Kowa ya rantse nasa ne orijinal, na ɗan'uwansa kwafi.

Ka je fadarsu bayan la'asar, a Sabon Gari ko a Zariya, kafin shayin farko ya sauka an shiga maganar Rambo. Tambayar kullum ɗaya ce: wanne ne na ɗaya?

Kada mai karatu ya raina tambayar, don Turawan ma sun taimaka wajen dagula lissafi. Fim na farko ya fito a 1982, kuma a Amurka babu Rambo a sunansa, First Blood suka sa masa. Faransawa ne suka ce a kira shi Rambo kawai. Na biyu ya zo a 1985, inda ya koma Biyetnam, na uku a 1988 a Afganistan. Da aka yi na huɗu a 2008, sai Amurkawa suka ce shi ne Rambo kawai, Faransawa kuma suka ce John Rambo. Ka ga fim biyu ke nan masu suna ɗaya, da shekara 26 a tsakaninsu. Na biyar ya biyo baya a 2019. Daga nan masu kwafi suka ɗora nasu: duk fim ɗin da Sylvester Stallone ya riƙe bindiga a ciki, ko da Cobra ne na 1986, a manna masa hoton mai ɗaurin kai a ba shi lamba. Wani Alhaji a unguwarmu Rambo tara gare shi a cikin kwaba. Stallone da kansa biyar ya yi, amma Alhaji ya ce wannan matsalar Stallone ce.

Akwai wani Bagobiri da ke hawo kabu-kabu daga Tibiri musamman don wannan zama. Shi na 1982 ne ya ƙi yarda da shi sam, saboda a cikinsa mutum ɗaya tak aka ga ya mutu, shi ma faɗowa ya yi daga jirgi mai saukar ungulu. "Haba Alhaji! Awa ɗaya da rabi Rambo na yawo cikin daji bai kashe kowa ba? Wanga an yanke shi. Na asali yana nan wurina." Da aka duba na wurinsa, na uku ne. Har yau bai janye ba, kuma wanda ya san Gobirawa ba zai zauna jiran ranar ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne alamomin da suke gane orijinal da su. Wai in ka ga rubutun Larabci na gudu a ƙasan hoto, to ka samu na ƙwarai. Alhali rubutun nan shi ne shaidar doguwar hanya: an kwafa a Dubai, an kawo Kano, ƴan kasuwar Ƙofar Wambai sun jera bidiyo sun sake kwafa, ya biyo ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, sannan mai shago a nan ya kwafi nasa na haya. Kowane zango hoto na rage kyau. Kafin ya iso hannunmu fuskar jarumi ta koma kore, muryarsa kamar mai magana daga cikin rijiya. Wannan shi muka tashi muna kallo a gidan bidiyo, a kan benci, shi ya sa shi ne gaskiya a wurinmu. Ka nuna wa Alhaji fim ɗin tas, a ga har zufar goshi, zai ce maka aikin kwamfuta ne.

Sai kuma rikicin harshe. Wani mushe mai ritaya yana da nasa da ya sayo a Yamai, inda Rambo ke zuba Faransanci. Ya ce ai wannan ne harshensa, wanda yake Ingilishi ƴan Nijeriya ne suka juya shi. An yi masa bayani har an gaji. Ya ce shi da kunnensa ya ji, kuma Faransancin mutumin babu kuskure ko ɗaya.

Wani mutumin Jiratawa, manomin zogale, nasa tinƙahon ya fi na kowa. Kaset ɗinsa baƙi da fari yake nunawa, don haka ya ce ya girmi duk na sauran, tun kafin a ƙirƙiro kala aka yi shi. Maganar kuwa ba ta da wuya: Nijar ta bi tsarin talabijin na Faransa, wato SECAM, Nijeriya ta bi PAL. In ka sa kaset ɗin wancan tsari a na'urar wannan, kala ce ke gudu ta bar ka da inuwa. Shi ya sa a da duk mai wayo yake neman bidiyo da tele masu cin kowane tsari. Amma wa zai gaya masa? Ya riga ya naɗe kaset ɗin a tsohon rawani ya sa a ƙasan adaka, tare da takardun gona.

A wuri ɗaya kawai na ga gardamarsu ta faɗa kan gaskiya, shi ma bisa tsautsayi. Biyu daga cikinsu sun kusa ba hammata iska a kan Sholay, fim ɗin Indiya na 1975, na Amitabh da Dharmendra, wanda mutanenmu ke kira Sarkin Ƙarfi. Ɗaya ya ce Thakur marar hannuwa ya kashe mugun, Gabbar, a ƙarshe, ɗaya ya ce ƴan sanda ne suka iso suka tafi da shi. Dukansu sun yi daidai. Darakta Ramesh Sippy da kisan ya rufe fim ɗinsa, hukumar tace finafinai ta Indiya ta tilasta masa canzawa, daga baya wanda ba a taɓa ba ya fito a kaset da DVD. Da aka bayyana musu haka, babu wanda ya ji daɗi. An kashe musu gardamar da za ta kai su har azumi.

Na CD ba su da dogon labari. Faifan VCD ba ya wuce minti 80, don haka fim kan zo a faifai biyu, kuma kowa na farkon ne a hannunsa. Na biyun yana wurin wanda ya ara ya ce gobe zai maido, tun Tanja na mulki.

Abin haushin, inda ake da orijinal na gaske nan ne ba su kula ba. Finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa Sangaya da Wasila da na marigayi Rabilu Musa Ibro, kwalinsu ne shaidarsu: a da mai fim kan buga kwali ya sayar wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya kwafi kaset daidai yawan kwalayen da ya saya. To ina kwalayen? Yara sun yi mota da su, an fifita gawayi da saura. Finafinan Hausa ai na mata ne, in ji Alhaji, shi da ya haddace waƙoƙin ciki kaf.

Kwanan baya suka yanke shawarar a raba gardama gaba ɗaya. Aka samo mai gyara a bayan babbar kasuwa, ya buɗe wata tsohuwar bidiyo, ya kori kyankyasai, ya goge kanta da farar takarda da ɗan fetur. Wani yaro mai tura finafinai a waya ya ce, "Baba, duka biyar ɗin fa suna cikin memori, in tura muku?" Aka ce ya tashi ya ba manya wuri. Aka sa Rambo na ɗaya na Alhaji, wanda ya ce ko an ba shi jika hamsin ba zai sayar ba. Hoto ya yi rawa, ya tsaya. Ga Rambo na tafe a bakin hanya da jaka a kafaɗa. Bagobiri ya gyara zama. Minti goma ba a yi ba sai hoto ya yi tsalle, sai guɗa, sai ga mata cikin anko suna liƙi: ashe Hajiya ta daɗe da ɗora bikin ƙanwarta a kai.

Alhaji ya kalli tele, ya kalli jama'a, ya ce a cire masa abinsa a hankali. Yanzu ma kuɗinsa ya ƙaru, don duk duniya babu wani Rambo da surukarsa ta fito a ciki.